Shin Ko Kun San? Kofin Reluwe, Gasar Lardunan Ailan a Wasan Hurling

A tsibirin Ailan, yamma da Birtaniya, akwai wasan gargajiya na sanda da ƙaramar ƙwallo da ake kira hurling. Daga 1927 zuwa 2016, lardunan tsibirin sun yi ta karawa a kan kofi guda, Kofin Reluwe. Gasa ce da ta taɓa tara mutum kusan dubu hamsin a yini ɗaya, daga baya ta koma ba ta tara ko dubu ɗaya. Ga yadda aka yi ta tashi, ga kuma abin da ya kwantar da ita.

Wasan da kansa

Shin ko kun san kowane ɓangare 'yan wasa 15 yake fitarwa, a filin da ya fi na ƙwallon ƙafa girma nesa ba kusa ba? Tsawonsa mita 130 zuwa 145, faɗinsa mita 80 zuwa 90. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sanda mai faffaɗan baki, wadda aka saba sassaƙawa daga itacen ash. Ƙwallon kuwa ba ta wuce cikin tafin hannu ba, an ɗinke ta da fata, nauyinta giram 110 zuwa 120. In gwani ya make ta, gudunta yakan haura kilomita 150 a awa.

Ko kun san ta hanya biyu ake samun maki? Turakun gidan dogaye ne, da sanda a gicciye tsakaninsu, raga a ƙasa. Ƙwallon da ta bi ta saman sandar maki ɗaya ce, wadda ta shiga raga maki uku. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lamba biyu: 2-6 na nufin ƙwallo biyu a raga da maki shida, jimla 12.

Kun san kuwa ba a ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da hannu? Sai an tsinko ta da sanda. Ba a jefa ta, sai dai a mare ta da tafin hannu. Ba a kuma wuce taku huɗu da ita a hannu. Mai son ya yi gudu da ita sai ya ɗora ta a bakin sanda, ya ruga tana zaune a kai, abokan hamayya na biye da shi.

Shin ko kun san sai a watan Janairun 2010 aka wajabta wa kowa da kowa sanya hular kwano mai kariyar fuska? Gwanayen shekarun 1940 da 1950 babu abin da ke kare musu kai, in ban da hular yadi ga wanda ya ga dama.

Ko kun san a 1366 dokokin da hukumar Ingila ta kafa a garin Kilkenny sun hana Turawan Ingila mazauna Ailan yin wannan wasa? Yau gundumar Kilkenny ce ta fi kowa cin kofin ƙasa baki ɗaya, sau 36. A 2018 kuma UNESCO ta shigar da hurling cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Shin ko kun san ba a biyan 'yan wasan albashi? Ƙungiyar GAA mai kula da wasan, wadda aka kafa ran 1 ga Nuwamba 1884 a wani otel a garin Thurles, har yau a kan wannan aƙida take. Cikin gwanayen da, Christy Ring direban motar mai ne, Nicky Rackard likitan dabbobi, Eddie Keher ma'aikacin banki. Ran Lahadi dubbai na tafa musu, ran Litinin suna bakin aiki.

Larduna huɗu, wasa uku

Shin ko kun san gundumomi 32 na tsibirin a larduna huɗu suke? Leinster a gabas tana da 12, Ulster a arewa 9, Munster a kudu 6, Connacht a yamma 5. A zamanin gasar, kowane lardi kan tsinto fitattun 'yan wasa daga gundumominsa ya haɗa tawaga guda, kamar yadda 'yan dambe daga garuruwa daban-daban ke taruwa a ƙarƙashin Kudu ko Arewa ko Guramada.

Ko kun san a mafi yawan shekaru kakar gasar duka wasa uku ce? Wasan kusa da na ƙarshe guda biyu, galibi a watan Fabrairu, sai na ƙarshe ran 17 ga Maris. Wanda aka doke ya tafi gida ke nan sai baɗi.

Kun san da rigar ake gane lardi tun daga nesa? Munster shuɗiya, Leinster koriya, Connacht fara, Ulster rawaya da baƙi.

Shin ko kun san tawagar Ulster ta ratsa iyakar ƙasa biyu? Shida daga gundumominta suna Ailan ta Arewa, ƙarƙashin Birtaniya. Uku, wato Donegal da Cavan da Monaghan, suna Jamhuriyar Ailan. GAA ba ta taɓa raba harkarta bisa wannan iyaka ba, tsibirin duka fili ɗaya ne a wajenta.

Abin da ya haɗa jirgin ƙasa da kofi

Ko kun san kamfanin jiragen ƙasa na Great Southern Railways ne ya ba da kofin? Ba kyauta ce kawai ba. A lokacin mota ba ta wadata ba, jirgin ƙasa ne ke kwaso 'yan kallo daga karkara zuwa Dublin, kuma duk babban wasa kasuwar tikiti ce ga kamfanin. Kamfanin ya narke cikin hukumar sufuri ta CIÉ a 1945, amma sunan kofin ya zauna a bakin jama'a.

Shin ko kun san an taɓa gwada irin wannan gasa tun kafin nan? A farkon ƙarni na 20 an yi gasar larduna a kan wata garkuwa, ita ma kamfanin jirgin ƙasa ne ya ba da ita. Shekaru kaɗan ta yi ta mutu, sai bayan kusan shekara ashirin aka tayar da maganar.

Ko kun san a wasan ƙarshe na farko wanda ya fi zura ƙwallo a raga shi ne ya sha kashi? Ran 17 ga Maris 1927, a filin Croke Park da ke Dublin, Leinster ta samu 1-11, Munster 2-6. In an lissafa, 14 da 12 ke nan. Makin saman sanda ne ya ba Leinster kofin.

Kun san kuwa Munster ba ta ɓata lokaci ba wajen ramawa? Ta ɗauki kofin sau huɗu a jere, daga 1928 zuwa 1931.

Zarrar Munster

Shin ko kun san Munster ta ci kofin sau 47, Leinster 28, Connacht 11? Ulster ba ta taɓa ɗaga shi ba. Dalili a fili yake: biyar daga gundumomin Munster shida, wato Cork, Tipperary, Limerick, Waterford da Clare, duk gidajen hurling ne na gaske. Kerry ce kaɗai ta fi karkata ga ƙwallon ƙafar gargajiya, ita ma ta taɓa cin kofin hurling na ƙasa a 1891.

Ko kun san Munster ta riƙe kofin shekara shida a jere, 1948 zuwa 1953? Duba kofin ƙasa na wancan lokaci ka ga tushen abin. Waterford ta ci a 1948, Tipperary daga 1949 zuwa 1951, Cork daga 1952 zuwa 1954. Duk 'yan lardi ɗaya ne. Masu zaɓen tawagar Munster zakarun ƙasa suke tsinta daga cikin zakarun ƙasa.

Shin ko kun san daɗin gasar shi ne ganin abokan gaba cikin riga ɗaya? A watannin Yuni da Yuli, Cork da Tipperary ba sa ga maciji. Christy Ring na Cork ne ke addabar Tony Reddin, golan Tipperary, yana kuma gwabzawa da John Doyle, mai tsaron bayanta. Da Maris ta zo, su ukun suna ɗaki ɗaya suna sanya shuɗiyar riga. Mutumin Tipperary da ya yi wa Ring ihu a bara, shi ne ke tafa masa a bana.

Christy Ring

Ko kun san mutum ɗaya ya ci Kofin Reluwe sau 18? Christy Ring ne, ɗan ƙauyen Cloyne a gundumar Cork, wanda aka haifa a 1920. Na farko a 1942, na ƙarshe a 1963, yana da shekara 42. Babu wanda ya ko kusanto shi. Eddie Keher na Kilkenny ya ci tara, Mick Mackey na Limerick takwas.

Shin ko kun san tsakanin 1942 da 1963 sau huɗu kacal kofin ya kuɓuce wa Munster? A 1947, 1954, 1956 da 1962. Sauran shekarun duka Ring na cikin tawagar da ta ci.

Ko kun san a 1959 an ɗage wasan ƙarshe zuwa watan Yuni domin ya dace da buɗe sabuwar rumfar 'yan kallo ta Hogan a Croke Park? Ran nan Ring shi kaɗai ya ci 4-5 a karawa da Connacht, maki 17 ke nan, yana da shekara 38. Sunan rumfar na Michael Hogan ne, ɗan ƙwallon Tipperary, ɗaya daga mutum 14 da dakarun Birtaniya suka kashe a filin ran 21 ga Nuwamba 1920.

Kun san abokin wasan Ring a Cork da Munster ya zama shugaban gwamnati? Jack Lynch ne, wanda ya riƙe kujerar firaminista daga 1966 zuwa 1973, ya sake dawowa daga 1977 zuwa 1979. Da Ring ya rasu a 1979, Lynch ne ya yi jawabi a bakin kabarinsa.

Rabon ƙananan gundumomi

Shin ko kun san a wasannin GAA ba a sayar da ɗan wasa? Bisa al'ada, gundumar da ka fito ko kake zaune ita za ka buga wa. In Allah ya yi ka gwani a gundumar da ba ta da ƙarfi, kana iya gama rayuwar wasanka ba ka taɓa babban kofi ba. Kofin Reluwe ne ya buɗe wa irin waɗannan ƙofa. Jimmy Smyth na Clare bai taɓa cin kofin ƙasa ko na lardi da gundumarsa ba, amma ya tara lambobin Kofin Reluwe da dama da Munster. John McGrath na Westmeath, wanda ake yi wa laƙabi da Jobber, da Pat Dunny na Kildare, ta rigar Leinster jama'ar ƙasa suka ga ƙwarewarsu.

Ko kun san tawagar Connacht da ta fara cin kofin a 1947 duk 'yan gunduma ɗaya ce? Galway kaɗai ta fitar da su, suka doke Munster, wadda ta riƙe kofin shekara biyar a jere. Golansu Seán Duggan na cikin gwanayen da ba su taɓa cin kofin ƙasa ba, wannan lambar ce babban gadonsa.

Shin ko kun san Connacht ta jira shekara 33 kafin ta sake ci? A watan Maris na 1980 ta ɗaga kofin, a watan Satumba kuma Galway ta ci kofin ƙasa, karo na farko tun na kakar 1923. Tsakanin 1980 da 1989 Connacht ta ci Kofin Reluwe sau shida, Galway kuma ta ƙara kofin ƙasa a 1987 da 1988. Duk lokacin da wata gunduma ta yi ƙarfi, a wannan kofi ake fara ganin alama.

Ko kun san haka abin yake a Leinster? Ta ci sau biyar a jere daga 1971 zuwa 1975, daidai lokacin da Kilkenny ta ɗauki kofin ƙasa a 1972, 1974 da 1975.

Kun san kuwa sai a 1944 Ulster ta shiga gasar hurling ɗin? Shekara ɗaya bayan nan, a 1945, ta ba kowa mamaki, ta doke Leinster a Belfast ta kai wasan ƙarshe, inda Munster ta lallasa ta. Ta sake kaiwa a 1992, 1993 da 1995, ba ta dace ba. Ƙarfinta daga wurare kaɗan yake fitowa: kwarurrukan arewacin Antrim, zirin Ards a gundumar Down, da wasu sassan Derry.

Shin ko kun san Galway, don rashin abokin karawa a lardinta, ta yi shekaru tana buga gasar lardin wasu? Ta shiga ta Munster daga 1959 zuwa 1969, ta koma ta Leinster daga 2009. Amma a Kofin Reluwe 'yan wasanta farar rigar Connacht suke sanyawa.

Ranar 17 ga Maris

Ko kun san me ya sa aka zaɓi wannan rana? Ranar Waliyyi Patrick ce, babbar ranar hutu da bikin ƙasar Ailan. A rana ɗaya, a fili ɗaya, ake buga wasan ƙarshe na hurling da na ƙwallon ƙafar gargajiya. Tikiti ɗaya, wasa biyu, fitattun 'yan wasan ƙasa sittin.

Shin ko kun san a 1954 mutum 49,023 suka cika Croke Park? Ba a taɓa samun taron da ya kai wannan a gasar ba. Leinster ce ta ci ran nan, da taimakon zaratan Wexford, gundumar 'yan'uwan nan uku, Nicky da Bobby da Billy Rackard, wadda ta ɗauki kofin ƙasa a 1955 da 1956. A wancan zamani mutumin karkara a rediyo yake jin sunan gwanaye daga bakin mai sharhi Michael O'Hehir. In yana son ya gan su ido da ido, duk a wuri ɗaya, to sai ya hau jirgin 17 ga Maris.

Ko kun san mutum ɗaya ya taɓa cin kofunan biyu a yini guda? Des Foley ne, ɗan Dublin, ran 17 ga Maris 1962. Ya buga wa Leinster hurling suka doke Munster, ya sake fitowa a ƙwallon ƙafa suka doke Ulster. Daga baya ya zama ɗan majalisar dokokin ƙasa.

Shin ko kun san wannan rana ce kuma aka fara nuna wasan GAA kai tsaye a talabijin ɗin Ailan? Gidan Telefís Éireann ya buɗe ran 31 ga Disamba 1961, wata uku bai cika ba ya kai kyamarorinsa Croke Park. A ranar an ɗauke shi ci gaba. Daga baya aka gane cewa wanda ke ganin gwanaye daga kujerar ɗakinsa ba lallai ya sayi tikitin jirgi cikin sanyin Maris ba.

Kun san mata ma suna da tasu gasar larduna? A wasan camogie, wato hurling na mata, an fara Kofin Gael Linn a 1956.

Yadda tauraruwar ta dushe

Shin ko kun san a kakar 1970 zuwa 1971 aka ƙirƙiro gasar da ta ci kasuwar Kofin Reluwe? Gasar kulob-kulob ce ta ƙasa baki ɗaya, inda ƙungiyar ƙauye ko unguwa ke iya hawa har ta zama zakaran tsibiri. Roscrea ta gundumar Tipperary ce ta fara cin na hurling. Daga tsakiyar shekarun 1980, wasan ƙarshe na kulob ya karɓe ranar 17 ga Maris da filin Croke Park. Kofin Reluwe ya rasa ranarsa da gidansa, aka riƙa yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan, daga wannan wata zuwa wancan.

Ko kun san a 1971 ne kuma aka fara zaɓen gwanaye 15 na shekara a hukumance? Kafin nan, shiga tawagar lardi ita ce shaidar cewa ka kai. Da wannan lambar yabo ta zo, ɗan wasa ya samu wata hanyar da za a san shi ba tare da ya sanya rigar lardi ba.

Shin ko kun san an gwada dabaru iri-iri don a ceto gasar? A farkon shekarun 1970 an shigo da tawagar haɗin gwiwar jami'o'i, har ta ci kofin ƙwallon ƙafa a 1973. A shekarun 2000, ɗan kasuwar nan Martin Donnelly, mutumin Clare, ya ɗauki nauyinta, aka sanya mata sunansa.

Ko kun san an kai wasan ƙarshe ƙasashen waje? Na hurling an buga shi a Roma a 2003, a yankin Boston ta Amurka a 2005, a Abu Dabi a 2009. An yi hakan ne don a kai wasan ga 'yan Ailan mazauna waje, a kuma saka wa 'yan wasa da tafiya. 'Yan wasan sun ji daɗi, amma kujerun gida ba su cika ba.

Shin ko kun san shekara huɗu ne kawai ba a yi gasar ba tsakanin 1927 da 2016? Su ne 1990, 2010, 2011 da 2015, ta ƙarshen saboda mummunan yanayi. Yaƙin Duniya na Biyu bai tsayar da ita ba ko sau ɗaya, duk da ƙarancin gawayin jirgi da man mota a lokacin.

Ko kun san a watan Disamba na 2016 aka buga wasan ƙarshe na ƙarshe? A filin Semple da ke Thurles, Munster ta doke Leinster. Filin na ɗaukar mutum sama da dubu arba'in, waɗanda suka zo kallo ba su kai dubu ba.

Shin ko kun san a watan Oktoban 2024 an sake tara larduna huɗu a Croke Park? Ƙwallon ƙafar gargajiya suka buga, domin a gwada sababbin dokokin wasa, Ulster ta doke Connacht a bugun fenareti. Ba a haɗa da hurling ba.

Ko kun san 'yan wasa da dama sun yi ta neman a bar gasar, 'yan kallo ne suka juya mata baya? Mutumin Ailan da kulob ɗin ƙauyensa ya tashi, a nan ya fara riƙe sanda, a nan ƙannensa da 'ya'yansa ke wasa. Bayan kulob sai gunduma, wadda launinta yake kafawa a ƙofar gida in an kai wasan ƙarshe. Lardi na uku ne a zuciyarsa. Muddin Kofin Reluwe ne kaɗai wurin ganin gwanaye a tare, ya biya kuɗin jirgi ya je. Da talabijin ta kawo masa su gida, gasar kulob kuma ta ba shi damar ganin ɗan maƙwabcinsa a Croke Park, sai ya zaɓi na kusa.